Gwaggo Batulu da Hannun Tsaka-tsaki

Duk wanda ya hau benen nan na unguwar Ammariyya a Jidda ya gaida Gwaggo Batulu a 'yan shekarunta na ƙarshe ya san irin zamanta. Ta miƙe ƙafa, waya a cinya, ta ja gefen mayafi ta rufe fuskar wayar. Sai ta ɗaga mayafin kaɗan ta leƙa, ta mayar da sauri. Ɗakin ba kowa sai ni da fanka, amma ita ɓoyon kati take yi. In na ce, "Gwaggo, waɗanda kike wasa da su fa wani yana Masar, wani yana Turkiyya, ba mai ganin katinki," sai ta ce, "Ke kina gani ai. Fuskarki kuwa ba ta iya riƙe magana."

Daga nan sai ta ɗauki ƙwayar fisfis ɗaya, 'ya'yan nan masu gishiri da ake ɓarewa da haƙori, ta ɓare, ta ajiye ƙwayar a faranti, sannan ta danna wayar. Ba ta ci, likita ya hana ta gishiri. Ni ce mai cinyewa. Na taɓa tambayarta amfanin wannan wahala, ta ce in ta danna da sauri sun gane ta ji daɗin katin, in ta daɗe sun gane tana shakka, don haka kowane kati, mai kyau da mara kyau, fisfis ɗaya ne tsakaninta da shi.

Ina rubuta wannan ne don 'yan'uwa na nan Jidda da na Gadarif ta Sudan, domin abin da na ji a zaman ta'aziyya ya tsaya mini a rai. Wannan ta ce baiwar Allah ce mai haƙuri, waccan ta ce ba ta taɓa jin ta ɗaga murya ba. Haba jama'a! Ni ta raina tun ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifina, wanda shi ne yayanta. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ce 'yarta, kuma don sunan kakata aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba sai "Uwata". Na san ta ciki da waje. Gwaggo tana da kirki, tana da tsafta, a zamaninta duk amaryar da ta yi wa lalle sai an tambayi wa ya yi. Amma tana da maƙo, taurin kanta kuwa ba na wasa ba ne. Kuma duk mun san abin da aka riƙa kewayewa a zaman nan ba wanda ya taɓa: ta yi fiye da shekara goma ba ta magana da ƙaninta, Baffa Sale.

Ga yaran da ba su san tushen abin ba. Kakarmu Inna ta baro Gadarif da 'ya'yanta suna ƙanana, burinta ɗaya a duniya, in ajali ya zo a yi mata salla a Harami a binne ta a Makka. Ko ciwon kai ta yi sai ta tuna mana. Da Baffa Sale zai aurar da 'yarsa ta fari a can Gadarif, ya dage sai Inna ta je. Gwaggo ta ce tsohuwa ba ta da lafiya, a bar ta. Baffa ya ce, "Ba komai, Yaya, Allah na nan, wata ɗaya ne." Aka tafi, aka yi biki, zazzaɓi ya kwantar da Inna, can ta cika, can aka binne ta. Da Baffa ya bugo waya yana kuka, Gwaggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta rantse da Allah bakinta ba zai ƙara yi masa magana ba. Shi ma kunya da baƙin ciki suka hana shi dawowa, har iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, ta mutu, ya zauna can. Tun daga ranar sunansa ya fita daga bakinta. "Wancan" take cewa. Lambarsa ma da haka ta sa na ajiye mata a waya. Na ce, "To in ba za ki kira ba, me ya sa za a ajiye?" Ta ce, "Don in ya kira in san ba zan ɗauka ba."

Wasan kuwa wankin ƙoda ne ya kawo shi. Da ƙodarta ta gaza, sai ya zama ana kwantar da ita rabin yini, hannu ɗaya a miƙe da allurai, inji yana zuƙe jini yana mayarwa. Ni nake kai ta daga Ammariyya in zauna da ita. Mijina Usman, da ke aiki a wani sito a Madinar Masana'antu, shi ya sa mata wasan a waya, don ya ji ana cewa tana yarinya ba mai cin ta a karta. Foka ake ce masa. Kowa ana ba shi kati biyu a ɓoye, a buɗe biyar a tsakiya da kaɗan-kaɗan, mutum ya zuba, ko ya ƙara, ko ya ajiye katinsa ya fita. Abin zubawar wasu kwabban wasa ne da ake ba kowa kyauta kullum, in sun ƙare a tashe ka daga tebur sai gobe. Usman ya nuna mata sau ɗaya. Kafin wata ya ƙare ta fara yi masa gyara.

Akwai wata nas 'yar Filifin, yarinya mai kirki, sabuwar zuwa. Ran nan ta juyo ta ga Gwaggo ta ƙame, ido ba ya ƙiftawa, baki a rufe gam, ko numfashi ba a gani. Ta yar da abin da ke hannunta ta rugo tana tambayarta da Larabci ko lafiya, "Mama! Mama! Inti kuwayyis?" Ta kama hannu tana neman bugun jini, ta danna ƙararrawa, wasu biyu suka shigo da gudu. Ni ma na miƙe tsaye. Gwaggo ba ta motsa ba sai da ta ɓare fisfis ɗinta ta danna wayar, sannan ta dube ni a fusace.

"Uwata, ki ce da yarinyar nan ta sake ni. Ikka biyu gare ni!"

Ikka shi ne babban kati, wanda ya fi kowa. Da na fassara wa nas ɗin, sai da ta zauna a kujerata ta dafe ƙirji. Daga ranar in ta ga Gwaggo ta ƙame sai ta leƙo daga nesa ta ce, "Mama, ikka?" Gwaggo ta harare ta, don a ganinta tona asiri ne.

Karatun da ta fi yi mini kuwa a kan abin da take kira hannun tsaka-tsaki ne, kuma da kuskurena aka fara. Wata rana ana sa mata allura, ta miƙo mini wayar ta ce in riƙe mata wuri, kar in taɓa komai. Aka raba kati, na ga shayib, wato tsohon nan mai gemu da wasu ke ce wa sarki, da bakwai. Na ce ai sarki ba abin yarwa ba ne. Ni ce ta farkon magana, na zuba. Da aka buɗe na tsakiya sai ga wani shayib ɗin, daɗi ya kama ni. Wani ya ƙara, na bi. Ya sake ƙarawa, na sake bi. Da aka buɗe kati, ashe shi ma shayib gare shi, amma da ikka a gefe. Ya kwashe.

Gwaggo ta karɓi wayarta ta duba, ta daɗe tana dubana.

"Da me kika shiga?"

"Shayib da bakwai."

"Daga wace kujera?"

"Ta farko."

"La haula. Ya bitti, 'yar nan, ni na raine ki kuwa?"

"Gwaggo, kuɗin wasa ne fa."

"Hankalin da kika yi wasan da shi ma na wasa ne? Saurara. Kati mai kyau ko jaki ya san abin da zai yi da shi. Mara kyau ba ya cutar kowa, kina gani kin yar. Wannan na tsakiyar shi ne mugu, don yana kama da abin kirki. Zai ci miki kaɗan in ya ci, in ya kayar da ke kuwa sai ya tafi da zanen jikinki."

"To yaushe ake shiga da shi?"

"In ke ce ta ƙarshen magana, kin ga kowa ya yi laƙwas ba wanda ya ƙara. Ki shiga da araha. In ya samu ɗan'uwansa a tsakiya, kar ki zaƙe, ki bi a hankali, kar ki bari tulin ya girma. In kuma wanda ya yi shiru tun ɗazu ya tashi ya ƙara da yawa, halas, shi ke nan, ki ajiye. Ranki zai ce ki leƙa ki gani. Kar ki leƙa."

"In na tsorata su fa, na zuba da yawa su gudu?"

"A teburin 'yan kwabo? Wa zai gudu? Abin da aka ba mutum kyauta, yana tsoron ya rasa shi ne? Waɗannan ko takarda fara ce a hannunsu sai sun bi ki har ƙarshe. Ba a yi masu ƙarya, jira ake yi."

Ranar har muka isa gida ba ta ƙara ce mini uffan ba. Da direban tasi ta yi hira, tana ba shi labarin yaran zamani da ba sa jin magana, ni kuwa ina nan da 'ya'yana uku.

Da wannan jiran nata ta tara kwabbai tuli guda. Wasan ya yi ta gayyatarta manyan tebura, ta ƙi, tana nan a mafi ƙanƙanta tana ajiye kati tara cikin goma. Usman ya taɓa cewa, cikin zolaya, zai saya mata ƙari da kuɗin gaske goron Salla. Saura kaɗan ta kore shi daga ɗakin. Ta ce ranar da halala ɗaya, ko sisin kwabo na kuɗin gaske, ta shiga wayar nan abin ya zama caca, ita kuwa ba za ta je gaban Allah da caca ba.

Wannan maganar ce ta haɗa su da Malama Zainabu, maƙwabciyarta ta bene na sama, mai koya wa mata karatu. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke masu hukunci ba, abin da na ji kawai zan faɗa. Malama ta shigo dubiya ta same ta tana leƙen ƙarƙashin mayafi.

"Hajiya, karta? A wannan shekarun?"

"Ba kuɗi a ciki, Malama."

"Ga su nan ina gani, jibgi guda."

Gwaggo ta miƙa mata wayar. "Ungo. Sauka kanti ki sayo mini albasa da su. In mai kantin ya ba ki ko ɗaya, na daina yau."

Malama ta yi dariya, amma ba ta saki ba. Ta ce ko ba kuɗi, ɓata lokaci ne. Gwaggo ta ce wane lokaci, wanda take kwance inji yana juya mata jini? Ta yi lazimi, ta saurari karatu har kunne ya gaji, ragowar fa, rufin ɗaki za ta kalla tana ƙirga mutuwarta?

Malama ta ce a hankali, "To ki kira ƙaninki da ragowar. Wannan ya fi kartar nauyi a wurin Allah, Hajiya, kin sani."

Ban taɓa ganin wanda ya faɗa mata wannan a ido ba. Na ɗauka za a yi tashin hankali. Gwaggo ta gyara mayafinta kawai ta ce, "Shayinki ya huce, Malama." Bayan Malama ta fita, Gwaggo ta kife wayar, ranar ba ta ƙara taɓa ta ba.

Ba a daɗe ba abin ya faru. Wasan yana nuna wa mutum wanda ke bugawa cikin lambobin da ya ajiye. Muna wurin wanki, sai na ga ta tsaya da fisfis a haƙori ba ta ɓare ba. Na leƙa. Ga hoton Baffa Sale da farar hularsa, ya rame, gemu ya yi fari, a ƙasa an rubuta yana kan tebur. Ashe 'yarsa Amal ce ta sa masa, don ƙafa ta hana shi fita kasuwa, zaman gida ya ishe shi. Na ce a raina yau za ta goge wasan. Sai na ga ta danna ta shiga teburinsa, ta zauna.

"Gwaggo, zai gane ki fa. Lambarki ce."

"Ya gane mana. Teburin ubansa ne?"

"Ai ubanku ɗaya."

"Rufe mini baki."

"Rantsuwar fa?"

"Na ce bakina ba zai yi masa magana ba. Kin ga bakina ya motsa?"

Akwai wurin rubuta saƙo a gefen teburin. Wata da watanni suna zama tare, ko sallama ba wanda ya rubuta. Amma Amal ta gaya mini Baffa ya haddace ranakun wankin ƙodar, tun safe yake sa a caja masa waya. Ita ma Gwaggo, wadda sai na yi da gaske take shiryawa, ta koma tana jirana a bakin ƙofa da jakarta, tana cewa, "Yalla, kin makara."

Matsalar ita ce Baffa bai iya wasan ba, Allah ya ba shi haƙuri in an karanta masa wannan. Kowane kati sai ya shiga. Biyu da takwas, ya shiga. Uku da goma, ya ƙara. Gwaggo tana kallo tana cizon yatsa. "Dubi wancan! Ba komai, Allah na nan! Halin dai bai sake shi ba." Kafin a je ko'ina kwabbansa sun ƙare, hotonsa ya ɓace daga tebur, ita kuma ta rage da sauran yini da inji da baƙin da ba ta sani ba.

Sai na fara ganin abin mamaki. Matar da ta yi mini fushi a kan shayib da bakwai, na gan ta da shayib da takwas tana ƙarawa daga kujerar farko. Ta ƙara har sauran suka janye, ya rage daga ita sai Baffa. Ya zuba, ta bi. Ya sake zubawa, ta bi har ƙarshe. Aka buɗe, ya kwashe. Ko a jikinta. Bayan ɗan lokaci ta sake yin haka da ikka da huɗu.

"Gwaggo, wannan ba hannun tsaka-tsaki ba ne?"

"Shi ne."

"Ba kin ce..."

"Na san abin da na ce."

Sai da na matsa mata a hanyar gida ta yi bayani, fuskarta a waje tana kallon titi. Ta ce wasan yana da wurin aika kyautar kwabbai, amma wancan girman kai gare shi, ba zai karɓa ba, ita ma ba za ta aika ba. In ta bi shi da katin banza, a ƙarshe ana buɗewa kowa ya gani, zai gane sadaka ce, ya tashi ya bar teburin. In ta bi shi da mai kyau, ita za ta cinye shi. Na tsakiyar ne kaɗai za ta faɗi da shi ya ɗauka da gaske ta yi kuskure. Kuma sai ta fara korar sauran, in ba haka ba wani Baturke ne zai ci guminta.

"Wato ciyar da shi kike yi don ya daɗe a zaune."

"Wa ya ce? Tebur ne ba ya daɗi in ba wawa a kai."

Na juya na ga idonta ya cika. Ni ma nawa ya cika.

Haka tulin da ta yi shekara tana tarawa ya riƙa raguwa, ita da ko ragowar shayi ba ta zubarwa. Aikin kuma ba sauƙi gare shi ba, don Baffa yakan shiga da katin da ko tsaka-tsakin ya fi shi. Sau da yawa ta yi niyyar faɗuwa ta tashi da ci. In ka ji ta ce "Innalillahi, wane irin mutum ne wannan!" to ta ci ke nan. Nas ɗin nan har ta rikice, ta ce mini ita ba ta gane wasan Mama ba, in ta ci fushi, in an cinye ta murmushi.

A lokacin, yaƙi ya riga ya ɓarke a Sudan. Gadarif ta cika da masu gudun hijira, gidan Baffa har tsakar gida mutane ne. Waya takan ɗauke ta dawo. Labarinsu kuwa Gwaggo ba ta tambayata. Hoton nan take jira, in ya fito ta san ya kwana lafiya.

Ranar da ba zan manta ba, tana da shayib da tara. A tsakiya ga ikka, ga tara. Ta san yana da ikka, don in yana da shi nan take yake dannawa. Ya zuba duk abin da ya mallaka. Ta ɓare fisfis, ta bi, tana murmushi, don wannan faɗuwar za ta riƙe shi har a cire mata allura. Aka buɗe katin ƙarshe, sai ga wata tara. Tara uku. Ta share shi tas, hotonsa ya ɓace.

"Ba komai, Gwaggo, gobe za a ba shi wasu."

"Zai ce da gangan na yi."

"Wasa ne."

"Zai ce na jira shi ne har ya zuba duka."

Washegari layin waya ya ɗauke a can gaba ɗaya. Ba Amal, ba kowa, ba wanda ake samu. Gwaggo ta riƙa shiga teburin tana zama, ana raba mata kati tana ajiyewa ba ta ko leƙa ba. Na ga ta yar da ikka biyu da idona. Ta daina sayen fisfis. Jikinta kuma ya fara ƙin wankin, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, aka kwantar da ita a asibiti. Na ji tsoro ƙwarai. Na riga na san ba za ta daɗe ba, abin da nake tsoro shi ne ta tafi a haka, shi ma ya zauna da cewa abu na ƙarshe da ya shiga tsakaninsu shi ne ta tashe shi daga tebur.

Wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Amal ce. Ta ce wani mutum ya kafa intanet na haya a kasuwa, ana bin layi ana biya, ta ɗauko Baffa a keken jaki ta kawo shi, lokacinsu kaɗan ne. Suna lafiya. Na gaya mata halin da ake ciki. Na ji ta maimaita masa, sannan na ji muryarsa, wadda rabona da ita na manta.

Na buɗe sautin na ajiye wayar a kan filo. Gwaggo ta juya fuska bango.

"Yaya," in ji shi. "Yaya, ni ne."

Ba ta juyo ba ta ce, "Uwata, ki gaya wa wancan ba da gangan na yi ba. Tara ce ta zo."

"Uwata," in ji Baffa, "ki ce mata na sani. Ki ce mata na san sauran ma. Ni ban iya wasa ba, amma ban kai haka wauta ba."

"Ki tambaye shi, in ya sani me ya zaunar da shi?"

"Ki ce mata ina zan je?"

Ni dai ina tsaye, ban isar da saƙon kowa ba, suna jin juna sarai. Daga can ana jin hayaniyar kasuwa da wani yana cewa a yi sauri. Sai Gwaggo ta juyo daga bango a hankali, ta kai bakinta kusa da wayar.

"Sale."

Na ji wani sauti daga can, ban san ko amsawa ya yi ko kuka ba.

"Sale, kana zuwa wurin Inna?"

"Kowace Juma'a, Yaya. Ko ƙafar ta ƙi, sai an kai ni."

"To in ka je, ka ce mata..."

Nan layin ya yanke. Na gani a fuskar wayar, ita ba ta gani ba, idonta a rufe yake. Ta ci gaba da magana, ni kuma ban iya katse ta ba. Da ta gama ta buɗe ido ta ce, "Ya ji?" Na ce lokacinsu ya ƙare a tsakiyar maganar, amma zan isar masa da sauran ba ragi. Ta ce, "Ko a waya ma bai iya tattali ba." Sannan ta ce rantsuwa ta karye, gobe in ciyar da mutum goma kaffara, irin abincin da take ci, ba irin wanda muke ɓarna da shi a gidanmu na unguwar Aziziyya ba. Na ciyar. Ba ta kai Juma'a ba.

Baffa, na faɗa maka sauran a waya ranar ta'aziyya, amma layi yana yankewa, kai kana kuka, ni ina kuka, ka ce in rubuta Amal ta karanta maka a tsanake. Ga shi, yadda ta faɗa:

"Ka ce mata na huce. Ƙasa duk ta Allah ce, tun ranar na sani. Ban gan ta ba ne, Sale. Ban wanke ta ba, ban rufe mata ido ba, na rasa wanda zan ɗora wa sai kai, don kai kaɗai ka rage mini. Na yafe maka abin da ba laifinka ba ne. Kai ka yafe mini nawa, shi ne mai yawa."

Allah ya jiƙan Gwaggo Batulu. Allah ya yafe mata shekarun da ta yi shiru, ya karɓi kalmomin da ta samu ta faɗa. Ya haskaka kabarinta da na Inna, ya haɗa su inda ba nisa. Kai kuma Baffa, Allah ya ba ka lafiyar ƙafa, ya zaunar da ƙasarku lafiya. Juma'a mai zuwa in an kai ka, ka isar da saƙon. Amin.